Garin Neman Ƙiba Kada a Samo Rama



Kwanan baya mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci na mata, a wani ƙauye na bakin Komadugu, tsakanin Difa da Gaskeru. Da aka tashi karatu sai wata dattijuwa ta tsaya. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wasu ƙananan ƙwayoyi cikin leda. Ta ce: "Malam, duba mini wannan. Mai talla ya ce maganin girma ne. Jikana shekararsa tara, amma wanda ya gan shi sai ya ce biyar. Wata biyu ke nan ina ba shi. Kumatu sun ciko, tsawo kuwa yana nan inda yake."

Muka karanta sunan da ke jikin takardar. Deksametazon ne. Muka ce mata: "Inna, wannan ba maganin girma ba ne. Amma kada ki tsayar da shi da kanki. Gobe da safe ki kai yaron asibiti, ki tafi da ledar a gani."

Wannan baiwar Allah ba muguwa ba ce. Son jikanta ne ya sa ta saya. Irinta suna da yawa a garuruwanmu, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana. Ra'ayinmu shi ne: ba a sayen tsawo a kasuwa. Ko maganin girma na gaskiya, wanda likita ke bayarwa, yana taɓa wata halitta mai muhimmanci a wuyan mutum. Saboda haka yaron da ya ƙi girma awo yake bukata da farko, ba ƙwaya ba.

Ƴan aike biyu na girma

Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam wasu ƴan aike da ke yawo cikin jini. Likitoci suna kiransu ormon. Kowane da saƙon da yake kaiwa. Biyu daga cikinsu su ne manyan masu kula da girman yaro.

Na farko shi ne ormon na girma. Yana fitowa daga wata ƴar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Sunanta ipofiz. Ya fi fitowa da dare, lokacin da yaro ya yi barci mai nauyi. Aikinsa shi ne ya umarci ƙashi ya ƙara tsawo, tsoka ta ƙara kauri.

Na biyu yana fitowa daga tiroyid. Tiroyid wata tsoka ce mai laushi a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Ita ce ke kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Saƙonta shi ke hura wutar jiki: ɗumi, bugun zuciya, narkewar abinci, kuzari, da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri. Ita ma ipofiz ce ke ba ta umarni. Ba ta iya aiki sai da wani sinadari da ake kira iyod, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa aidin.

Duk manomin tattasai zai gane wannan. Ormon na girma kamar takin zamani ne, na tiroyid kuwa kamar ruwa. Wanda ya zuba taki a fadama alhali injin ban ruwa ya mutu, bai ƙara komai ba. Haka yaron da tiroyid ɗinsa ta gaza: ko an yi masa allurar girma, ba zai girma yadda ake so ba sai an gyara tiroyid tukuna.

Yadda allurar girma ke taɓa tiroyid

Tiroyid tana fitar da saƙonta iri biyu. Likitoci sun sa musu suna T4 da T3. T4 shi ne mai yawa, kamar hatsin da ke rumbu. T3 kaɗan ne amma shi ne mai aiki, kamar garin da aka niƙa za a tuƙa tuwo. Kullum jiki yana ɗibar T4 yana mayar da shi T3 gwargwadon bukata, musamman a hanta da ƙoda.

Idan aka fara yi wa mutum allurar ormon na girma, jiki yakan ƙara saurin wannan niƙa. Sai T4 ya ragu cikin jini, T3 ya ƙaru. Wannan yakan bayyana tun a watannin farko.

To, in rumbu cike yake, ba a jin komai. Tiroyid mai lafiya tana cike gurbin, al'amari ya daidaita da kansa. Amma in dama rumbun saura kaɗan, sai ƙasansa ya bayyana. Yaron da ipofiz ɗinsa ba ta ba da ormon na girma, sau da yawa umarnin da take aika wa tiroyid shi ma mai rauni ne, sai dai raunin yana ɓoye. Allurar ce ke tona shi. Sai a ga yaro yana jin sanyi, yana yawan barci, cikinsa yana ɗaurewa, fatarsa tana bushewa, girman da aka fara gani ya tsaya. Wanda kuma dama yake shan ƙwayar tiroyid, yana yiwuwa a ƙara masa adadinta.

Don haka ƙa'idar likitoci ita ce: a auna jinin tiroyid kafin allura ta farko, a sake aunawa bayan ƴan watanni, a ci gaba da aunawa muddin ana allurar. In tiroyid ta gaza, a ba da ƙwayar da ake kira lebotiroksin, wadda ke maye gurbin T4.

Yawan ormon na girma shi ma illa ne. Akwai cutar da ipofiz ke fitar da shi fiye da kima ga babban mutum. Hannaye da ƙafafu su yi kauri, haɓa ta fito, ciwon sukari ya shiga. Da yawa daga masu wannan cuta suna yin maƙoƙo. Wannan ya nuna mana cewa wuya da ƙwaƙwalwa igiya ɗaya ta ɗaure su. Ba a jan ɗaya a bar ɗaya.

Daga ina allurar ta fito?

An fara yi wa yaro magani da ormon na girma a Amurka a 1958. A lokacin daga ipofiz ɗin mamata ake tatso shi. A 1985 aka gano cewa wasu da aka yi wa allurar sun kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa marar magani. A Faransa kaɗai fiye da mutum 100 suka mutu ta wannan hanya. A shekarar 1985 ɗin ne aka amince da wanda ake haɗawa a masana'anta, kuma shi ake amfani da shi har yau. Ku duba: ƙasashe masu manyan asibitoci ma sun ƙone hannu a kan wannan magani.

Samarinmu masu son ƙwallo sukan kawo labarin Liyonel Mesi. Gaskiya ne, an gano yana da ƙarancin ormon na girma tun yana yaro a Ajantina, kuma ƙungiyar Basalona ta ɗauki nauyin maganinsa da ya koma Sipen yana ɗan shekara 13. Amma a lura da kyau. Likita ne ya auna shi ya tabbatar da ciwon. Allura ce, ba ƙwaya ba. An yi shekaru ana yinta ana bin lafiyarsa. Kuma ciwon ba mai yawa ba ne: yaro ɗaya ne cikin 4.000 zuwa 10.000 ke da shi.

Ga abubuwa uku da ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, ormon na girma ba ya aiki in an haɗiye shi, domin ciki yana narkar da shi kamar nama. Duk ƙwaya ko ruwan kwalba da aka ce shi ne, ƙarya ce. Na biyu, yawancin irinsa a cikin sanyin firji ake ajiye su. Ina firji a tiren mai talla, cikin zafin watan Afrilu na Difa? Na uku, idan mutum ya gama balaga, bakin ƙasusuwansa sun rufe. Babu allurar da za ta ƙara masa ko da faɗin yatsa.

To, me ke cikin ledar mai talla?

Sau da yawa abu biyu ne. Ɗaya maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da sa barci. Ɗayan kuwa deksametazon ne, irin wanda dattijuwar nan ta nuna mana.

Deksametazon magani ne mai amfani a hannun likita, yana ceton rai. Amma in aka daɗe ana shan sa ba bisa ƙa'ida ba, fuska takan kumbura, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance. Mutane su ce an yi ƙiba, alhali ruwa ne da kitse. Yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da cuta. Yana kawo hawan jini da sukari. Abin takaici mafi girma, yana tsayar da tsawon yaro. Kuma yana rage umarnin da ipofiz ke aika wa tiroyid, yana rage niƙan T4 zuwa T3. Wato uwa ta biya kuɗi don ɗanta ya girma, an sayar mata da abin da ke danne ƴan aiken girma duka biyu.

Wanda ya yi makonni yana shan sa kada ya bari rana ɗaya. Jiki ya riga ya jingina da shi, barinsa farat ɗaya yana iya kayar da mutum har ya kai ga mutuwa. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

A turke da garke

Maganar ba ta tsaya kan yara ba. In Layya ta gabato, wasu masu kiwon turke sukan ba raguna irin waɗannan ƙwayoyi don su cika ido. Mai saye ya biya kuɗin nama, ya tafi da ruwa. Tunkiya ko saniya mai tsohon ciki kuwa, deksametazon yana iya sa ta zubar.

Turawa sun riga mu shiga wannan rami. A da wasu makiyayansu suna ba shanu maganin da ke kashe aikin tiroyid, don dabba ta tara ruwa ta yi nauyi a sikeli. Ƙungiyar ƙasashen Turai ta haramta wannan tun 1981. Akwai kuma ormon na girma na shanu, wanda ake yi wa saniya don ƙarin nono. Amurka ta amince da shi a 1993, amma ƙasashen Turai sun hana shi saboda wahalar da yake jawo wa dabba, kamar ciwon hantsa da gurgunta.

Mu da Allah ya ba shanun Kuri na tabkin Cadi, da harawar wake, da dusa, da ƙaiƙayin shinkafa, me ya kai mu ga leda? Kiwon turke na gaskiya sananne ne: a kashe tsutsar ciki, a yi rigakafi, a ba da abinci da ruwa mai tsabta, a nemi shawarar ma'aikacin dabbobi. A kuma sani, dabba ma tana da tiroyid. Tunkiya ko akuyar da ta rasa iyod takan haifi ɗa mai kumburin wuya, marar ƙarfi, wani lokaci marar gashi, ko matacce.

Me ke hana yaranmu girma?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Binciken abinci na ƙasa da aka yi a 2022 ya nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ba ciwon Mesi ke damun waɗannan yara ba. Ƙarancin abinci mai gina jiki ne, da zawo, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa da kusa.

A jiharmu kuwa an ƙara da wani nauyi. Tun hare-haren da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, dubban iyalai suka bar gonakinsu na bakin kogi da tsibiran tabki. An hana cinikin tattasai a 2015, sai a 2017 aka ɗage hanin. Yaran da aka haifa a wancan lokaci sun tashi cikin rashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga mai tallar ƙwaya ya shigo.

Sannan ga matsalar iyod. Muna nesa da teku, kuma kifin ruwan daɗi bai kai na teku iyod ba. Binciken da aka yi a makarantun Nijar a 1994 ya sami maƙoƙo ga fiye da yaro ɗaya cikin uku. A 1995 hukuma ta wajabta sa iyod cikin gishirin ci. Ƙasar Suwis ta fara sa iyod cikin gishiri tun 1922, ta kuma rabu da maƙoƙon da ya addabi mutanen duwatsunta.

Bukatar ba ta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin yaro yana bukatar mikrogram 90 a rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar 120, babba 150, mai ciki da mai shayarwa 250. Mikrogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram. Duk abin da mutum zai ci tsawon ransa bai cika ƙaramin cokali ba. Amma rashin wannan ɗan kaɗan ga mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma abin da ya lalace a ciki ba ya gyaruwa duka.

Mangul na ƙasar Manga da kantu na Bilma gadonmu ne, ba mu raina su ba. Sai dai gishirin da ba a ƙara wa iyod ba, ba ya biyan wannan bukata. Kanwa ma ba ta biya. Bugu da ƙari, masana sun gano a yammacin Sudan cewa gero yana ɗauke da wani abu mai rage aikin tiroyid ga wanda ba ya samun iyod. Haka ma rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba. Ba cewa muka yi a bar gero ba, shi ne ranmu. Cewa muka yi mai cin gero ya fi kowa bukatar gishiri mai iyod.

Wata magana da ake yi mana

Wani zai ce: "Malam, faɗa da baki sauƙi gare ta. Asibiti da nisa, awon jini da tsada, mai talla kuwa har ƙofar gida yake zuwa, yana ma ba da bashi."

Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, ba za mu musa ba. Mutumin Tumur ko Boso ya san wahalar hanya. Wani awon yana iya kai mutum babban asibitin Difa, ko ma Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 400. Amma mu yi lissafi. Kuɗin ƙwaya na wata shida, da kuɗin jinyar abin da ƙwayar ta haifar, da shekarun girma da suka wuce ba su dawowa, wanne ya fi tsada? Araha ba ta ado. Kuma awon farko ba ya bukatar komai sai sikeli da ma'aunin tsawo.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa iyaye nauyin duka ba. Muna kira ga hukumomin lafiya su sa awon tiroyid ya zama kusa da talaka, da kuɗin da zai iya biya. Tun shekarun 1970 wasu ƙasashe ke auna kowane jariri da ɗigon jini daga dunduniya, domin kusan jariri ɗaya cikin 3.000 ana haihuwarsa da tiroyid marar aiki, kuma in an fara ba shi magani cikin makonnin farko yakan tashi lafiya lau. Muna kira a riƙa gwada gishiri a kasuwanni da kan iyaka. Gwajin mai sauƙi ne: ɗigon ruwan gwaji kan gishiri, in ya yi shuɗi akwai iyod. Muna kira ga sarakuna, da limamai, da shugabannin ƴan kasuwa su tsawata wa masu tallar ƙwayar ƙiba.

Abin da kowane gida zai iya yi

Ku samu bango mai santsi, ku tsayar da yaro ba takalmi, ku ja layi a saman kansa, ku rubuta ranar. Ga amfanin karatun da kuka koya. Jariri yakan zo da tsawon kusan santimita 50. Ya kai kusan 75 a shekara ɗaya, kusan 100 a shekara huɗu. Daga nan yakan ƙara 5 zuwa 6 kowace shekara har ya balaga. In shekara ta zagayo bai ƙara santimita 4 ba, a kai shi asibiti. Gajeren yaro na gajerun iyaye, mai kuzari, wanda layinsa ke hawa kowace shekara, yawanci lafiyarsa ƙalau.

Ku lura da jariri. In shawara ta daɗe a jikinsa, ba ya son shan nono, barci ya yi yawa, harshe ya yi girma, cibiya ta fito, murya ta dushe, kada a jira.

Ku sayi gishiri mai alamar iyod. A ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da rana da laima. A zuba shi in miya ta kusa sauka. Ba a ce a ƙara yawan gishiri ba, a dai canja irinsa. Kada kuma wani ya sha iyod ɗin da ake shafa wa rauni, wannan guba ne a ciki.

Mai ciki ta je awo. Jariri ya sha nono zalla wata shida. Bayan haka a haɗa masa kunu da wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nono da zogale.

Wanda likita ya rubuta wa lebotiroksin ya sha kullum da safe kafin karin kumallo, kada ya bari don ya ji sauƙi, kada kuma ya ba wani. Ga mai lafiya, wannan ƙwaya tana sa zuciya gudu da rama.

Duk maganin da za a saya, a karanta sunansa. In ba a gane ba, a kawo aji a tambaya, ko a kai wa ma'aikacin lafiya.

Da muka sake komawa ƙauyen nan, dattijuwar ta tare mu tun daga bakin zaure. Ta ce an rage wa yaron ƙwayar sannu a hankali har ya rabu da ita, an ba shi maganin tsutsa, an kuma rubuta musu takardar awon jini. Sannan ta ja mu zuwa bangon ɗakinta. Ga layi na gawayi, ga kwanan wata a gefensa, da rubutun hannunta. Ta ce: "Malam, baɗi war haka ka zo mu duba."

Muka ce: "In Allah ya kai mu, Inna."

Muna roƙon kowane malamin aji ya karanta wannan shafi tare da ɗalibansa, kowane ɗalibi kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gona da garke. Amin.